Rassan da Amos Ya Ɓoye wa Kansa

Idan ana lissafin masu baki a Sitka, garinmu na bakin teku a Alaska, da taubashina Amos ake farawa, a huta, a sha ruwa, sannan a kawo sauran mutane. Zai fita kamun kifi ya kamo uku, kafin ya ɗaure kwalekwale sun zama talatin, kafin ya isa gida kuwa har mota aka kira ta kwashe. Kunnuwansa kuma ba a magana. Inna Mabel, ƙanwar mahaifiyarsa, ta sha ce masa ran da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa kada ya damu, ya ba iska baya kawai, kunnuwan za su kai shi gida. Amma duk wannan surutu nasa, akwai mutum ɗaya da in ta ce "Amos" sai ya haɗiye sauran zancen ko da akwai ƙaya a ciki. Yayarsa Verna ke nan.

Kawu Jasper ne ya rene su a kan ruwa, su biyun, kamar yadda ya wajaba a kan ɗan'uwan uwa a al'adarmu. Duk ƙarshen sanyi, in kifin herin ya shigo gaɓa zai yi ƙwai, ruwa ya yi fari fat kamar an kifar da tankar madara, mikiya ta cika bishiyoyi har rassa na kuka, sai Kawu ya tasa su gaba zuwa daji su saro ƙananan bishiyoyin hemlok. A jera su a igiya ɗaya, a ɗaura musu duwatsu, a nutsar a inda kifin ke turmutsitsi. Bayan 'yan kwanaki a ɗago, a tarar ƙwai ya lulluɓe kowane reshe, kauri kamar tafin hannu. A tsoma a tafasasshen ruwa a cire nan take, a dangwala da man sil, dabbar ruwan nan mai gashin baki, a tauna yana ƙaras-ƙaras, ƙamshin ganyen na biye da shi. Wanda bai ci wannan ba, shekararsa ba ta fara ba tukuna.

Kawu yana da doka guda. Wasu sukan ɗaura wa igiyarsu jarka ta riƙa lilo a saman ruwa don su gane wurin. Shi kuwa cewa yake, "Wanda ya ɗaura jarka ya raba wa ɓarayi goron gayyata." A gidansu har igiyar ake nutsarwa, ruwa ya rufe kamar ba a taɓa wucewa ba. Sai a saita abu biyu a tudu, na kusa da na nesa, a juya a saita wasu biyu, a riƙe a ka. Ran ɗagowa a zo a tsaya inda suka haɗu, a jefa ƙugiya, a kamo igiya.

Riƙewa a kan nan aikin Verna ne. Ita ke zama a goshin kwalekwale, ta rufe ido ɗaya, ta yi shiru kamar mai addu'a. Amos yana can baya riƙe da inji, yana ba duwatsu labari. Haka suka yi tun suna yara, har Verna ta auri Lester ta haifa ta aurar, har Kawu ya rasu, har furfura ta fito musu. Ba ta taɓa jefa ƙugiya ta dawo wayam ba. Shi kuma bai taɓa ɗaga kai ya ga abin da take kallo ba. Amma in an dawo tashar jiragen ruwa, shi ke hawa kan tulin rassa yana ihu, "Ku zo ku ga abin da na samo!"

Abu ɗaya ke haɗa su faɗa. Tun yana saurayi Amos yake aiki a manyan jiragen 'yan kasuwa masu kewaye herin da taru, kuma lokacinsu ɗaya da na rassa, don su ma ƙwan suke so, sai dai tun kifin bai zubar ba. A kwashi garke guda, a farke matan a cire ƙwai a tura ƙasar waje, sauran gangar jikin a niƙe. Aikin Amos shi ne tuƙa ƙaramin kwalekwalen da ke riƙe bakin taru yayin da babban jirgi ke zagayawa, kuma gaskiya a faɗe ta ko a kan taubashi ne, babu kamarsa a wannan fanni.

"Kai ne mai shimfiɗa wa baƙo tabarma da safe, da yamma ka tare shi a hanya da sanda," in ji Verna kowace shekara.

"Yaya, rassa ba sa sayen man inji."

"In kun gama kwashe su sai ka sha man injin."

"Teku ce fa, Yaya, ba tukunyarki ba. Ina za ta ƙare?"

"Haka mutanen wasu garuruwan suka ce. Je ka tambaye su yau ina herin ɗinsu."

Daga nan sai ta zuba masa abinci, ya ci, ya ƙara, faɗa ya jira baɗi.

Wata shekara baɗin bai same ta ba. A farkon sanyi ta fara cewa cikinta na ciwo, kafin a gama gardama da ita a kan zuwa asibiti an riga an makara. Mutanenmu gida biyu ne, Hankaka da Mikiya, kowa gidan uwarsa yake bi. Su Verna 'yan Hankaka ne, don haka mu 'yan Mikiya, ɓangaren mijinta, mu muka haƙa kabari, muka ɗauki gawa, muka dafa wa masu makoki. In kaka ta zagayo kuma sai 'yan Hankaka su yi bikin share hawaye, su zaunar da mu, su ciyar da mu, su gode. Abin da baƙi suka ci a ranar shi ke isa ga mamaci. Akwai kuma kwanon wuta, wanda ake cikawa da abincin da mamacin ya fi so, a ɗaga shi a kira sunansa. Kowa a garin, har karnuka, ya san abin da zai shiga kwanon Verna.

Da sanyi ya fara sauƙi Inna Mabel ta tara dangi a kicin ɗinta tana raba aiki. Wane naman barewa, wance kyafaffen kifi, su wance 'ya'yan itatuwan daji da barguna. Da ta zo kan ƙwai, kafin ta rufe baki Amos ya miƙe har ya tunkuɗe kujera.

"Inna, wannan nawa ne. Kada kowa ya sa hannu. Zan kawo ƙwan da sai an ari firiza a kowane gida. 'Yan Mikiya za su ci har su kasa tashi sama."

"To zauna, kada kunnenka ya kashe min fitila," in ji Inna. "Amma ka ji. Wannan karon ka ɗaura jarka. Mai idon ta tafi."

"Jarka? A igiyar gidan Kawu Jasper? So kike ya juya a kabarinsa?"

"Ya juya mana, ai ya daɗe a kan gefe ɗaya."

Aka yi dariya, aka wuce, ba wanda ya ƙara tunanin nemo ƙwai ta wata hanya.

Herin suka shigo. Gari ya zama kasuwa. Duk mai sanda da zare ya fito bakin tashar jirage, ma'aikatan ofis da takalmansu masu sheƙi, baƙi 'yan yawon hutu da hulunan da ba su taɓa ganin ruwan sama ba, kowa na jefa ƙananan ƙugiyoyi yana ciro herin biyar-biyar kamar ana tsinkar 'ya'yan itace, wasu don suya, wasu don su ajiye su yi tarkon manyan kifi. Amos ya ratso ta cikinsu da kwalekwale shaƙe da hemlok, ana yi masa tsiya.

"Amos, daji ka sace ko gida za ka gina a ruwa?"

"Bana wa zai nuna maka hanya? Ko kunnenka zai shinshino?"

"Ku ci gaba da kamun 'yan tsakinku," in ji shi. "In na dawo ku zo da buhu."

A ƙarshen tashar Lester na tsaye da rigar ruwa a hannu. Lester mutum ne da in ya yi magana uku a yini to ranar ya yi surutu. Tun rasuwar matarsa ya rame har bel ɗinsa ya rasa hujin da zai shiga.

"Suruki," in ji shi, "in bi ka? Hannu biyu sun fi ɗaya."

Amos ya so ya ce to. Amma ya tuna cewa Lester baƙo ne a bikin nan, shi za a zaunar a gaba a ciyar. Ina aka taɓa ji baƙo ya ɗauko abincin da za a karrama shi da shi? Ga kuma mutane na kallo.

"Zauna, suruki. Kai naka ci ne. Ka fara yunwa tun yanzu."

Lester ya naɗe rigarsa ya koma.

Wani lungu ne can bayan tsibirai inda suka saba. Ruwan ya yi fari, kifi na gogayya da cikin kwalekwale kamar ana yayyafa tsakuwa. Amos ya yi aikin mutum biyu shi kaɗai, ya ɗaure, ya jera, ya saki dutsen ƙarshe, igiya ta shige. Sai ya kashe inji ya zauna yana jira. Ya daɗe a haka kafin ya gane abin da yake jira. Jira yake a ce masa daga goshin kwalekwale, "Shi ke nan, mu tafi."

Ya share fuska da hannun riga, ya rarrafa ya zauna a mazauninta, ya rufe ido ɗaya. Tudu duk iri ɗaya ne, bishiya kusa da bishiya, dutse kusa da dutse, kamar taron dangin da ba ka san sunan kowa ba. Abin da ya fito fili kawai shi ne farin ƙanƙarar da ta rage a kan duwatsu masu nisa. Ga wani farin zane siriri kamar wutsiya, daidai bayan wata busasshiyar bishiya. Ya juya, ga wani farin tabo kamar tafin sawu, daidai saman wani tsagaggen dutse.

"Ashe abin ba wuya, Yaya," ya faɗa da ƙarfi. "Shekara da shekaru kina mana yanga."

Ya san ƙanƙara narkewa take, ba yaro ba ne. Amma jibi ko gata zai dawo, me za ta yi kafin nan?

Washegari da safe mai jirginsu ya kira shi. Wani Bature ne daga kudu da ake ce wa Jan Gemu, mutumin kirki in ba lokacin herin ba. Jirgin sama mai leƙen kifi ya hango babban garke can ɗaya gefen, nesa, kuma hukuma ta ce kowane jirgi ya zauna da shiri, ko yaushe za a iya ba da izinin jefa taru. Amos ya ce a ransa kwana biyu ne, ya ɗauki jakarsa.

Amma herin ba sa duba agogon kowa. Aka ɗebo kaɗan aka farke, aka ce ƙwan bai nuna ba, a jira. Aka sake ɗebowa, a jira. Jirage suka yi ta shawagi suna hararar juna kamar karnuka a bakin mahauta. Ana haka iska ta juyo daga kudu, da ɗumi, da ruwan sama mai siririn zare wanda ba ya tsayawa. Amos ya fito saman jirgi ya ji ɗumin a kumatunsa, ya tuna da ƙanƙarar da ya saita.

"Maigida," ya ce wa Jan Gemu, "ba ni rabin yini. In je in ɗago rassana in dawo."

"In kana can aka ba da izini fa? Wa zai riƙe min bakin taru, kakata? Mutum biyar ke cin abinci a jirgin nan, Amos. Shekararsu duka a minti kaɗan take."

"Na 'yar'uwata ne. Na bikinta."

Jan Gemu ya sosa gemu, ya kalli ƙasa. "Na sani. Ka kira wani a rediyo ya ɗago maka."

Amos ya ɗauki abin maganar ya riƙe. Rediyon jirage kuwa dandali ne, in ka yi tari a ciki sai mutum ɗari sun ce maka sannu. Ya faɗi busasshiyar bishiya da tsagaggen dutse a nan, ai ya raba goron da Kawu ya hana. Kuma wa zai kira? Lester, wanda ya kora a gaban jama'a? Ya mayar da abin ya rataye. Gobe za a ba da izini, in ji shi a ransa. Gobe ta zo ta wuce, ta turo ƙannenta.

Ran da aka ba da izinin, Amos ya yi aikin da har yau ake labari. Ya kutsa tsakanin jirage biyu da ko allura ba za ta wuce ba, ya riƙe bakin taru, babban jirgi ya zagayo, aka tsuke. Kifin da suka kama ran nan, in da za a jera shi, sai ya kai Japan da kansa ba sai an yi masa kuɗin jirgi ba. Ma'aikata na ihu suna dukan bayansa. Shi kuwa yana tsaye, ɓawon kifi ya manne masa har gira, gajimare ya ɗan yaye, ya hango duwatsun gida. Baƙi ƙirin, kamar an wanke su da sabulu.

Bai ko je gida ya canza kaya ba. Ya isa lungun, ruwa ya koma kore, tsit, herin sun gama sun tafi. Busasshiyar bishiya na nan. Ashe ma uku ne, bai lura ba. Tsagaggen dutse na nan, amma abin da zai saita su da shi ya bi rafi ya koma teku. Ya jefa ƙugiya ya ja, ta kamo ciyawar ruwa. Ya sake, ta maƙale a dutse. Ya sake, ta kamo wani tsohon takalmi, wanda ya rantse ya girmi Kawu Jasper.

Haka ya yi ta yi kullum, daga fitowar rana har hannunsa ya daina rufuwa. Tafinsa ya tsage, igiya ta sha jininsa ta ƙoshi. Gari ya ji labari. Da farko ana tsokanarsa a tasha, ana tambayarsa ko a kawo buhun yanzu. Daga baya aka daina, in ya wuce sai a yi shiru a kama gyaran zare, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Shekarar ma ba ta yi albarka ba, waɗanda suka sa rassa a wasu wurare ɗan abin da suka samu sun riga sun rabar wa tsofaffi, an cinye.

Wata safiya ya sauko ya tarar da Lester zaune a goshin kwalekwalen, sanye da rigar ruwa, yana kallon gaba.

"Suruki, ai na ce maka..."

"Ba abinci zan ɗauko ba," in ji Lester. "Iska zan sha. Ja mu je."

Suka yi rabin yini suna ja. Da rana ta take Amos ya kashe inji ya zauna, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Shirun da ya yi ne ya sa ya ji su. Wasu baƙaƙen agwagin teku ne, sun taru can gefe, wurin da bai taɓa zato ba, suna nutsewa suna fitowa a waje ɗaya kamar mata a bakin rijiya. Ƙwan herin suke bi. Kullum suna nan, ƙarar injinsa ce ke korarsu. Ya dubi Lester, Lester ya dube shi. Suka tuƙa da hannu a hankali. Jifa ɗaya, ƙugiya ta yi nauyi.

Su biyu suka ja har jijiyar wuyansu ta fito. Bishiyar farko ta taso, ruwa na zuba daga jikinta, ba a ko ganin ganye. Tun zamanin Kawu Jasper, Amos bai ga kauri irin wannan ba, agwagin ma gefe kawai suka taɓa. Ya fashe da dariya, hawaye na bin kumatunsa.

"Yaya! Kin gani? Kin gani ko? Wa ya ce sai da ke?"

Ya ɓalli wani ɓangare zai kai baki, sai hannunsa ya tsaya. Launin ba daidai ba ne, ya yi duhu. Ya matso da shi kusa da fuska. A cikin kowane ƙwai akwai ɗigo biyu baƙaƙe, ƙanana kamar kan allura. Idanu. Dubu a tafin hannunsa, dubu dubu a kan reshen, duk suna kallonsa. Wani ma ya motsa a cikin ɓawonsa.

Rassan sun daɗe a ruwa har ƙwan ya zama kifi, saura kaɗan ya ƙyanƙyashe.

Lester ya leƙo, ya daɗe yana kallo. "Akwai masu ci a haka," in ji shi a hankali. "In an dafa sosai ba kowa zai lura ba."

"Ita fa?"

Su biyun sun san halinta. Verna ko reshe ɗaya ta gani da ido, mayar da shi take, ta ce wanda ya riga ya buɗe ido ya ga duniya ba abinci ba ne, baƙo ne.

Amos ya zauna da igiyar a hannu. Ga bikin, ga alkawarin da ya yi a kicin ɗin Inna, ga kwanon wuta, duk suna rataye a gefen kwalekwale suna ɗiga. In ya ɗora su a ciki, firiza za ta cika, 'yan Mikiya za su ci su yi shiru don kunya, bakinsa ya tsira. Ya mayar da ɗan ɓangaren da ya ɓalla cikin ruwa tukuna, a tafin hannu, kamar mai saka jariri a kwando. Sannan ya fara sakin igiya kaɗan-kaɗan, har bishiyar ta shige, ruwa ya rufe.

"Ku je," in ji shi. "Ku ce mata na zo, na makara."

Inna Mabel ba ta yi masa faɗa ba. Ya tsaya a ƙofar kicin ya faɗi komai ba ƙari ko ɗaya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ta saurara, ta goge hannu a zane, ta ce, "To. Zauna ka ci abinci." Ya zauna, amma cokalin ya fi ƙarfinsa.

Damina da rani na wurinmu suka wuce, kaka ta zo. Ana gobe biki, da hantsi, Amos na bayan gida yana faskare, sai ga Lester ta ƙofar baya, ta inda maƙwabta ba za su gani ba, da wata 'yar leda a cikin riga. Ya ajiye a kan kututture. Rassa ne 'yan guntaye, daskararru, sanyin firiza ya ƙona gefensu. Amos na gani ya gane yankan. Mutum ɗaya ce ke yanka reshe gajere haka, daidai bakin tukunyarta.

"A ƙasan firiza na samu," in ji Lester. "Na shekararta ta ƙarshe. Na kasa ci, na kasa bayarwa."

"Suruki, kai baƙo ne. Ba zan karɓi..."

"Ba ni na ba ka ba. 'Yar Hankaka ce ta ɗebo, 'yar Hankaka ta yanka. Ni ajiya kawai aka ba ni."

Ya juya ya tafi, ya bar Amos da gatari a hannu ɗaya, leda a ɗaya.

Bikin ya yi kyau, ba za a ce bai yi ba. Mun ci nama, mun ci kifi, an lulluɓe mu da barguna har wasunmu suka ɓace a ciki. Amma babu ƙwai a gaban kowa, kuma kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Da aka zo kan kwanon wuta, Amos ne ya fito da shi. Ɗan abin da ke ciki ko gindin kwanon bai rufe ba. Aka yi tsit ana jiran jawabi, don mutumin da ke iya yin awa guda a kan kifi uku, me zai yi a kan yayarsa?

Ya ɗaga kwanon.

"Na Verna ne," in ji shi. "Ita ta samo. Kullum ita ke samowa."

Bai ƙara ba. Ya kai kwanon gaban Lester, don shi zai ci a madadinta. Lester ya ɗauki reshe ɗaya, ya dangwala a man sil, ya sa a baki. Zauren ya yi shirun da har a tashar jirage an ji ƙaras-ƙaras ɗin. Ya ci a hankali, bai bar ko ƙwaya ɗaya ba, hawaye na sauka cikin kwanon. Amos na tsaye a gabansa har ya gama. Shekarar nan Amos ko ɗanɗanen ƙwai bai yi ba.

Har yanzu yana aiki a jirgin Jan Gemu, don man inji bai daina tsada ba. Har yanzu yana sa rassa, da jarka ja ƙatuwa wadda ake hangowa daga wata, ɓarayi ma kunyar taɓa ta suke ji. Labari kuwa ya ragu, kifi uku yanzu da ƙyar suke kaiwa biyar. Herin sukan yi 'yan shekaru a teku kafin su dawo inda aka haife su. Ma'aikatan jirgin sun ce tun da shekarun suka cika, duk ran da aka tsuke taru kifi ya taso yana tafasa, kowa na ihu, Amos sai ya sunkuya a gefen ƙaramin kwalekwalensa yana duban idanunsu ɗaya bayan ɗaya, har sai Jan Gemu ya daka masa tsawa ya ja igiya.